Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin Maraɗi: kada a sare itatuwan jemagu, kada a kore su da hayaƙi

Zuwa ga shugabannin hukumar birnin Maraɗi, da daraktocin kiwon lafiya, na kiwo, da na muhalli na jiha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku.

Ranku ya daɗe, maganar jemagu ce ta kawo ni. Na san akwai abubuwan da suka fi ta zafi a gabanku: zazzaɓin cizon sauro, tamowa, ambaliya, tsadar hatsi, tsaron kan iyaka. Ban kuma zo da labarin ɓullar wata cuta ba, kada wani ya ɗauki wasiƙar nan ya juya ta a WhatsApp. Abin da ya sa na rubuto shi ne wata magana da ke tasowa a fadodi da bakin masallatai duk sa'ad da rediyo ya ce Ebola ko Marbug ta ɓulla a wata ƙasa. An yi ta a 2014, an maimaita a 2020 lokacin korona, an sake a 2022 da Marbug ta kashe mutane a Gana. Wai tunda jemagu ke ɗauke da cututtukan, a sare itatuwan da suke kwana, a turnuƙe su da hayaƙin taya, a saki yara da danƙo, kowa ya huta. Wata rana maganar nan za ta zo gabanku a matsayin koke, daga masu garka ko iyayen 'yan makaranta ko wani mai faɗa a ji, kuma da gaggawa za ta zo. Ina roƙonku idan ta zo ku ƙi, domin an gwada haka a wasu ƙasashe, abin da aka samu ƙarin cuta ne.

Ga abin da ya faru a Uganda. A kudu maso yammacin ƙasar akwai wani ramin haƙar dalma da zinari da ake kira Kitaka. A 2007 mahaƙa huɗu suka kamu da Marbug, 'yar'uwar Ebola, mai zuwa da zazzaɓi da zubar jini. Masana suka shiga ramin, suka tarar da jemagu sama da dubu 100, irin masu kwana a kogo. Da suka gwada wasu, suka sami ƙwayar cutar a jikin kimanin 5 cikin 100. Aka rufe ramin. Mahaƙan da abincinsu ya tsaya suka ga ai gyara a hannunsu yake: suka toshe bakunan ramin da kara da tarun kamun kifi, suka yi ta kisa, har zuwa ƙarshen 2008 ba ka ganin jemage ko ɗaya. Aka yi shekara huɗu shiru. A 2012 Marbug ta ɓulla a Ibanda, garin da ke da nisan kilomita 20 daga ramin, ta kama mutane fiye da na farko. Da aka koma Kitaka sai ga jemagu sun dawo, 'yan kaɗan, ba su wuce kashi 5 cikin 100 na adadin dā ba, amma masu ɗauke da ƙwayar a cikinsu sun haura 13 cikin 100. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

A Peru kuma, can Kudancin Amurka, akwai wasu ƙananan jemagu masu shan jinin shanu da dare (babu irinsu a Afirka, kada hankalin kowa ya tashi), suna sa wa dabbobi ciwon hauka irin na kare. Tun shekarun 1970 ake shafa musu guba. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna kisan bai rage cutar a cikinsu ba. Wuraren da ake kashewa jefi-jefi ma sun fi waɗanda ba a taɓa ba yawan waɗanda cutar ta shiga jikinsu.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, kuma mutanen kiwon lafiya sun riga ni saninsa, sai dai ta wajen ƙyanda suka san shi. Ƙwayar cuta irin ta bairos ba ta hayayyafa sai a cikin jiki mai rai. Sau da yawa jikin da ta shiga, ko ya mutu, ko ya warke ya sami garkuwa, kuma ko wanne ya faru zamanta a nan ya ƙare. Kullum tana neman sabon jikin da bai san ta ba. Tun 1957 masana lissafi suka nuna cewa ƙyanda ba ta ɗorewa a garin da mutanensa ba su kai wajen dubu 250 ba: takan bi yaran da ba su da garkuwa ta gama da su, ta ɓace, sai an haifi sababbi kuma wani baƙo ya sake shigowa da ita. A 2011 an wallafa wani bincike kan Yamai da Maraɗi da Damagaram, wanda aka yi da hotunan hasken dare na tauraron ɗan adam. Aka ga ƙyanda na tashi da rani idan 'yan cin rani sun cika gari, ta kwanta da damana idan sun koma gona. Haihuwa, cunkoso, da kai-komo tsakanin garuruwa su ke riƙe da ita. Abubuwan nan uku kuwa jemage ya fi mu su.

A fara da haihuwa. Babban jemagen nan mai launin kara, wanda faɗin fukafukansa kan kai santimita 80, ɗa ɗaya macen ke haifa a shekara, amma duk matan garke kusan tare suke haihuwa, cikin 'yan makonni. Jariri na samun garkuwa daga uwarsa, ta riƙe shi wata kamar shida, sannan ta gushe. Ke nan akwai lokacin da dubban matasan jemagu ke wayar gari ba su da kariya, a lokaci guda, suna rataye kafaɗa da kafaɗa, suna lasar juna, suna cizon juna wajen neman wuri, fitsarin na sama na zuba kan na ƙasa. A wani kogo na Uganda mai jemagu kimanin dubu 40, inda wata 'yar yawon buɗe ido daga Holan ta ɗauki Marbug ta mutu a 2008, an auna abin. A duk garken, masu ƙwayar ba su wuce biyu da rabi cikin 100 ba. Amma a cikin 'yan wata shida sun kai 12 cikin 100. Irin na kogon nan sau biyu suke haihuwa a shekara, kuma da aka koma aka duba ranakun da Marbug ta taɓa faɗa wa mutane, aka ga sama da kashi 80 cikin 100 sun faɗo a waɗannan lokuta biyu. Haɗarin yana da kaka, kamar yadda sanƙarau ke da nasa lokaci a nan.

Sai tafiya. Mai launin karan nan ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Da rani yakan taru a kudu. A tsakiyar birnin Akra, daidai asibitin soja, garken kan kai ɗaruruwan dubbai har zuwa miliyan. Damana na faɗuwa sai su watse, su biyo furanni da 'ya'yan itace zuwa arewa har Sahel. A gandun Kasanka na Zambiya miliyoyi ke haɗuwa tsakanin Oktoba da Disamba, kuma waɗanda aka ɗaura wa na'urar bin sawu a can sun yi tafiyar da ta haura kilomita 2,000. A 2013 aka gwada jinin irin wannan jemage daga ƙasashe da dama, aka ga daga yammacin Afirka har gabas da kudu dangi ɗaya ne, suna cuɗanya suna barbarar juna. Wanda ya sauka kan maɗaci ko dogon yaro a Maraɗi da damana, babu mamaki rani ya same shi a Ibadan ko Kumasi. Idan ƙwaya ta ƙare a wannan garke, tana nan a wancan, kuma baƙi na tafe. A jikin irin wannan jemagen ne aka fara gano wata 'yar'uwar cutar haukan kare a tsibirin Legas a 1956, kuma a 2008 aka sami alamar dangin cutar Nipa, wadda zan zo kanta nan gaba, a jinin na Gana.

Da a nan abin ya tsaya, sai a ce ƙaramin garke da ya keɓe zai rabu da cuta. To, ba haka aka gani ba. A tsibirin Annobon, can tsakiyar teku, akwai 'yan dubban jemagu da ba sa haɗuwa da na tudu, amma jininsu na ɗauke da alamar waɗannan cututtuka. A Akra an tsare jemagu kimanin ɗari a babban keji, babu mai shiga babu mai fita, aka yi kusan shekara goma ana samun ƙwayoyi iri-iri a fitsarinsu. Abu biyu masana ke dangantawa da wannan. Garkuwar da jemage ya samu takan yi rauni da daɗewa, ya sake kamuwa. Kuma akwai ƙwayar da kan laɓe a jiki, ta yi tsit, sai ranar da jikin ya galabaita ta sake fitowa a yawu da fitsari.

Wannan na biyun shi ne ya fi shafar shawarar da za ku yanke. A Ostareliya an tattara bayanan shekara 25 kan cutar Hendra, wadda ke fitowa daga jemagu ta kama dawaki da mutane, aka wallafa a 2022. Da aka sare dazuzzukan da jemagu ke shan furanninsu da hunturu, manyan garkuna masu yawo suka farfashe suka zama ƙanana, suka tare a gonaki da bayan gidaje suna cin abin da suka samu. Shekarun da yunwa ta kama su, su ne shekarun da suka fi zubar da ƙwaya, kuma bayansu ne dawaki suka fi kamuwa. Shekarar da itatuwan daji suka yi fure sosai, jemagu kan koma can, cutar ta lafa.

Ku haɗa waɗannan ku ga abin da kora ke yi. Ka kashe manya masu garkuwa, ka bar wuri ga matasa da baƙi marasa ita. Ka sare itace ɗaya a bakin hanya, garken ya watsu cikin gidaje goma, kan mangwaron tsakar gida da rijiya a ƙarƙashinsa. Ka hana su barci da hayaƙi da bugun gwangwani, ka galabaitar da su. Ranar kisan kuma, ranar ce mutane suka fi taɓa jini da yawun jemage da hannu, yara na tsintar waɗanda suka faɗo, karnuka da kyanwoyi na ci.

Wani zai ce, to me ya sa su cutar ba ta kashe su? Jemagu iri sama da 1,400 ne a duniya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk dabbobi masu shayarwa, kuma su kaɗai ne ke tashi sama da fukafukai a cikinsu. Tashin nan kan kai zafin jikinsu wajen digiri 40 kowane dare. Jikinsu na danne ƙwaya da wuri, kuma ba ya yin irin kumburi da zazzaɓin da ke wuce gona da iri, wanda sau da yawa shi ne ke kashe mutum. Amma ba kowace cuta suke sha ba. Dangin haukan kare na kashe su su ma, shi ya sa jemagen da aka gani a ƙasa da rana tsaka, ya kasa tashi, shi ne abin gudu.

Yanzu bari in dawo gida, inda aikin yake. Ku je garkunan bakin Gulbi, ko Jiratawa, ko Madarunfa, da sassafe a watan Afrilu ko Mayu, ku duba ƙarƙashin mangwaro. Za ku ga nunannu a ƙasa, gefe ɗaya a ƙwaƙule, da sawun ƙananan haƙora, ruwan bai gama bushewa ba. Kusa da su akwai 'yan dunƙule-dunƙulen tuƙa. Jemage ba ya haɗiye tsokar ɗan itace. Matse ta yake tsakanin harshe da ganɗa, ya shanye ruwan, ya furzar da sauran. Daga nan aka samo zancen da muka taso da shi, wai jemage ta baki yake kashi. Yara kan riga kowa isa wurin. Su tsinta, su goge a riga, su gatsa ta ɗaya gefen, suna cewa wanda jemage ya taɓa ya fi zaƙi. Gaskiyarsu kuwa, nunanne yake zaɓa. Abin da ya rage mai garka ya tara a buhu ya kai wa awaki da ragon layya. A wani gwaji da aka wallafa a 2021 an ɗiga ƙwayar Marbug a kan yankan mangwaro da ayaba, ta kai awa shida da ranta. Jemagun garkunanmu ba irin na kogon Uganda ba ne, amma hanyar ɗaya ce, yawu a kan abinci, kuma tsakanin jemagen da ya ci da asuba da yaron da ya tsinta da hantsi ba a kai awa shida ba.

Ta wannan hanya Nipa ta shiga Malesiya a 1998. An dasa mangwaro da wasu itatuwa a jikin garken aladu, ragowar abin da jemagu suka ci na faɗawa ciki. Aladu suka kamu suka baza wa masu kiwonsu: mutum 265 suka kwanta, 105 suka mutu, aka hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya. Mu ba ma kiwon alade, amma a Ostareliya, wajen cutar Hendra, dawaki ne suka shiga tsakani tun 1994, masu kiwo a ƙarƙashin itatuwa masu 'ya'ya. Mutum bakwai suka ɗauka daga dawakin, huɗu suka mutu. A Bangaladash, tun 2001, hanyar Nipa ruwan dabino ne da ake tara a tukwane a kan itace cikin dare, jemagu su lasa su yi fitsari a ciki, a sha ɗanye da safe. Maganin da ya yi aiki a can, 'yar asabari ce ta gora da ake rufe bakin tukunyar da ita. Ba a kashe jemage ko ɗaya ba.

Ma'aikatar kiwo, nan ne naku. Jiharmu jihar dabbobi ce, jar akuyar Maraɗi har ƙasashen waje an san ta, kuma dabba a tsakar gida take kwana tare da mu. Ku sa ma'aikatanku na karkara su riƙa faɗa wa mutane kada a ɗaure doki ko rago, kada a ajiye komin ruwa, a ƙarƙashin itacen da jemagu ke ci ko kwana, kuma a daina ba dabba ragowar jemage. A binne ta ta zama taki. Dabbar da ta mutu da baƙon ciwo, musamman mai haɗe da kaɗuwar jiki ko juyewar kai ko wahalar numfashi, kada a yi saurin sa mata wuƙa a raba nama. Mun ga yadda zazzaɓin Rift ya yi a jihar Tawa a 2016, wajen Cintabaradan: dabbobi suka fara ɓari da mutuwa, sannan makiyaya suka biyo baya. Wannan ba ta jemage ba ce, amma ta nuna mana cewa likitan dabbobi kan riga likitan mutane gani, in dai akwai wanda zai faɗa wa. Cutar numfashi ta MERS ma, wadda ta ɓulla a Saudiyya a 2012 kuma danginta na kusa ke jikin jemagu, ta raƙuma take isa ga mutum, kuma an same ta a raƙuman mayankar Kano a 2015.

Akwai kuma birbiri, ƙananan nan masu cin ƙwari da ke shiga tsakanin kwano da rufin ciki. Duk wanda ya koyar ya san yadda aji ke kasancewa ranar komawa a watan Oktoba bayan dogon hutu: baƙin kashi ƙanana a jere bin bango da kan bencina, wari mai hawa kai, sai a miƙa wa yara tsintsiya, ƙura ta tashi su shaƙa. Haka a wasu masallatai, da ɗakunan ajiyar hatsi, har da ƙananan gidajen likita na karkara. Ƙurar busasshen kashin nan na iya ɗauke da wani naman gwari mai kama huhu, wannan sananne ne. A 2018 kuma an gano wata sabuwar 'yar gidan Ebola, Bombali, a jikin birbirin da ke kwana cikin rufin gidaje a Saliyo. Ba a ga ta sa wa mutum ciwo ba, amma ta nuna irin baƙin da ke saman kanmu. Annobar Ebola da ta kama mutum sama da dubu 28 ta kashe sama da dubu 11 a Gini da Laberiya da Saliyo ta faro ne daga wani yaro ɗan shekara biyu a ƙauyen Meliyandu a Disambar 2013. Zargi ya fi ƙarfi a kan wani itace mai kogo cike da birbiri inda yara ke wasa. Masana da suka iso a 2014 sun tarar an riga an cinna wa itacen wuta, babu sauran jemagen da za a gwada.

Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. A yayyafa ruwa kafin shara, babba ya share da ƙyalle a hanci, ba yara ba. A gano ramukan da suke fita da magariba, a bari su fice, a toshe da dare, bayan an leƙa an tabbatar ba lokacin jarirai ba ne, don kada su mutu a ciki su ruɓe. Manoman da ke kwasar kashin don taki su ci gaba, taki ne mai kyau, su dai jiƙa shi tukuna. Wanda jemage ya ciza ko ya yakushe, ko da ba a ga jini ba, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita ranar, a ɗauke shi kamar wanda kare ya ciza. A Afirka ta Kudu a 1970 da 2006, da Kenya a 2007, mutum uku sun mutu da wata 'yar'uwar haukan kare bayan ɗan cizo ko yakushin ƙaramin jemage da ba su ɗauka a bakin komai ba. Ina so kowane ma'aikacin likita na ƙauye ya san wannan.

Su kuma san wata tambaya. Samarinmu na tafiya haƙar zinari, Jado, Mali, Gini, Gana, kuma mun ga yadda aka yi tururuwa a Ɗan Isa a 2021. Tsoffin ramukan ma'adinai masu zurfi a ƙasashen kudu su ne gidan jemagen Marbug. A Durba ta Kwango, tsakanin 1998 da 2000, mutum 154 suka kamu, 128 suka mutu, mafi yawansu mahaƙa da iyalansu. Saurayin da ya dawo da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, a tambaye shi inda ya fito da ramin da ya shiga, kafin a taɓa jininsa da hannu.

Ma'aikatar muhalli ba ta bukatar in gaya mata darajar itace. A nan Maraɗi aka fara sassaben zamani a 1983, manoma suka riƙa barin tohon itace a gona, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rabon jemage a ciki. Furen kuka da dare yake buɗewa, fari, a rataye, kuma jemage ke kai masa barbara. Haka ɗorawa, haka rimi. Mai son miyar kuka da daddawa yana cin aikin jemage bai sani ba. Ƙananan iri kamar na ɓaure kan wuce ta cikinsa, kuma a Gana an lissafa yana iya kai iri nisan kilomita 75 a dare ɗaya. Babu tsuntsun yankinmu da na san ana ba shi wannan shaida. Birbiri kuwa ƙwari yake kwana ci, har da masu ɓarna a gona. Mai launin kara tun 2008 yake cikin jerin dabbobin da ake fargabar raguwarsu. Ba zai yi kyau mu dasa itace ranar 3 ga Agusta da kiɗa da jawabi ba, mu dawo mu sare wanda ya shekara hamsin don jemagu sun sauka a kansa. Inda garke ya zauna kan kasuwa ko mahauta ko mai shayi, a matsar da teburin ko a yi masa rumfar kwano. Kilishi da kuɓewa da tumatir da ake shanyawa kada su kwana a buɗe ƙarƙashin itace, a rufe rijiya da randa.

Babban roƙona shi ne ƙidaya. Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da ɗaliban kimiyyar halittu da na noma da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu. A ba wasunsu aiki, tare da 'yan gandun daji: su zagaya birni da Tsibiri da Madarunfa da bakin dajin Baban Rafi, su rubuta kowane itace da kowane gini da jemagu ke kwana, wane iri ne, su ƙirga sau ɗaya a wata, su lura da watan da suke zuwa, da watan da ake ganin jarirai manne a ƙirjin iyaye, da watan da suke tashi. Littafi da alƙalami da wayar hannu sun isa. Cikin shekara biyu za ku san watannin da ya kamata a ja kunnen jama'a, maimakon a tsorata su shekara duka. Idan ana son gwaji, ba sai an kama jemage ba: leda ake shimfiɗawa ƙarƙashin itace kafin asuba, a kwashi fitsari da kashi, a aika Yamai, cibiyar binciken lafiya ta CERMES ko ɗakin gwaje-gwajen dabbobi na LABOCEL. Haka ake yi a Ostareliya da Bangaladash. Masu aikin a ba su safar hannu da abin rufe hanci, a yi musu allurar haukan kare kafin su fara.

Sai magana da jama'a, kuma a yi ta tun ana zaune lafiya. Kun tuna Agustan 2014, da jita-jita ta tashi a Nijeriya cikin dare ɗaya cewa wanka da shan ruwan gishiri na hana Ebola, har wasu suka rasa rayukansu. Wurin da hukuma ta bari babu bayani, mai saƙon murya ke cike shi. Ku zauna ku uku, lafiya da kiwo da muhalli, ku fitar da takarda shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, ku kai ta fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir, ku ba limamai da masu unguwanni da shugabannin makarantu da gidajen rediyo. A sa lambar waya ɗaya da mai garka zai kira idan ya ga jemagu na faɗowa matattu, ko dabbarsa ta kwanta da ciwon da bai sani ba. Ina roƙon takardar ta fita kafin mangwaro ya fara nuna, ƙidayar kuma ta fara kafin ruwan farko.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.

Naku,
wani malamin kimiyyar halittu, Maraɗi.